Kyamarar farko ga mai yawan tafiya: yanda zaka zaɓa ba tare da kayi da-na-sani ba

Duk wanda yazo min da maganar yana son sayen kyamara ta gaske, tambayarsa ta farko ita ce wai Sony ko Canon ko Nikon. Ni kuma nakan ce masa ɗan'uwa ajiye maganar suna tukunna, faɗa min awa nawa zaka iya yawo da kilo ɗaya rataye a wuyanka cikin rana. Dalilina kuwa abin ya taɓa cina. Kyamarata ta farko babbar DSLR ce, irin mai madubi a ciki, na haɗa mata lens biyu, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, da jakarta ta musamman, gaba ɗaya kayan sun kusa kilo biyu, na daɗe ina tara kuɗinsu. Tafiyar farko da nayi da ita kwana biyu kawai na jure, rana ta uku kafaɗata ta riƙe sai na barta a ɗakin masauki na fita da waya, haka rana ta huɗu, haka ta biyar. Da na dawo na zauna ina duba hotuna sai naga duk waɗanda nake so ɗin da waya na ɗauke su, ita kuma wadda na sha wahala a kanta tana kwance cikin jaka lokacin da abubuwan suke faruwa. Har yanzu in na tuna raina yana sosuwa, shi yasa duk abinda zan faɗa a ƙasa yana komawa kan abu guda, ka sayi wadda zaka riƙa fita da ita kullum.

Matakin farko ba a shago yake ba, a cikin wayarka yake. Buɗe hotunanka na tafiye-tafiyen baya, ka duba kamar guda ɗari biyu a natse, ka ware waɗanda suka baka haushi sannan ka tambayi kanka me ya lalata su. In na dare ne suke fitowa da dishi-dishi kamar an watsa yashi, matsalarka haske ce. In abu ne mai nisa, tsuntsu ko dabba ko hasumiya can nesa, kayi zum ya farfashe, matsalarka tsawon lens ce. In yara ne ko mutane masu motsi suke fitowa a hargitse, saurin fokos kake nema. In kuwa so kake fuskar mutum ta fito tar bayansa ya narke, to sensa mai girma da lens mai buɗewa sosai kake buƙata. Rubuta amsar a takarda. In ka duba kaga babu abinda yake damunka sosai, hotunan rana ne kawai kake ɗorawa a Instagram, gaskiya wayoyin yanzu sun isheka, riƙe kuɗinka ka ƙara kwanakin tafiya dasu.

To in ka tabbatar kana buƙata, sai maganar sensa, wato ɗan farantin da yake cikin kyamara wanda haske yake sauka a kansa. Girmansa ne yake yanke kusan komai, kyawun hoto a duhu, girman lens, nauyin jaka, har tsada. Babba a cikin waɗanda aka saba shi ne mai faɗin milimita 36 da 24, daidai girman fim ɗin da, shi ake cewa ful firem. Na tsakiya shi ne APS-C, kusan 23.5 da 15.6, na Canon ya ɗan fi haka ƙanƙanta. Sai Micro Four Thirds mai 17.3 da 13 wanda Olympus da Panasonic suka fito dashi a 2008. Akwai kuma na inci ɗaya, 13.2 da 8.8, irin wanda yake cikin Sony RX100 da ta fara fitowa 2012, waccan ƙaramar da take shiga aljihu.

Mutane da yawa suna jin cewa in ba ful firem ba to ba kyamara bace, kuma ni ina ganin ga sabon shiga mai tafiya wannan tunanin shi ya fi jawo asara. Jikin kyamarar kansa ba shi da wani nauyi sosai, lens ɗinta ne matsalar, dole gilashin ya zama babba dan ya rufe babbar sensa, sai kaga lens ɗaya yafi kyamarar nauyi da tsada. APS-C ita nake ba kusan kowa shawara, dan bambancinta da babbar a hoto ba zaka fara ganinsa ba sai a duhu sosai ko in zaka buga hoto ƙato na bango. Micro Four Thirds kuma in kai mai hawa duwatsu ne ko mai doguwar tafiyar ƙafa, ko kana son ɗaukar tsuntsaye, kada ka raina ta, lens ɗinta ƙanana ne ƙwarai kuma lens mai 150mm a kanta yana jawo abu kamar 300mm a babbar. Abinda zaka rasa shi ne ɗan tsaftar hoto da dare.

Maganar megafiksel kuwa kada ta ɗauke maka hankali. 24 na nufin ɗigo miliyan 24, wato hoto mai ɗigo 6000 da 4000, talabijin ɗin 4K gaba ɗayansa bai wuce miliyan 8 da ɗan kai ba. Daga 20 zuwa 26 ya wadatar.

DSLR ko maras madubi? DSLR tana da madubi a ciki da yake tura hoto zuwa idonka, shi yasa take da kauri. Maras madubi an cire wannan, abinda sensa take gani shi kake gani kai tsaye, in hoton zai yi duhu zaka ganshi da duhu tun kafin ka danna, kuma ga mai koyo wannan ba ƙaramin taimako bane. Panasonic G1 ce ta buɗe wannan hanya a 2008, Sony ta kawo A7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018 da EOS R da jerin Z, kuma tun 2020 su biyun basu sake fitar da sabuwar DSLR ba. Dan haka in sabuwa zaka saya, maras madubi. Amma fa in kuɗin hannunka kaɗan ne, DSLR ta hannu irin Nikon D3500 har yanzu tana ɗaukar hoto mai kyau, ba ta da nauyi kamar manyan, batirinta kuma a gwajin da kamfanoni suke yi yana kai hoto 1550 a caji ɗaya, yayin da ƙananan marasa madubi da yawa suke tsakanin 300 da 400 da wani abu.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa, lens. Jikin kyamara bayan shekaru zaka canza shi, lens kuwa yana zama, kuma kowane kamfani da irin bakin da lens ɗinsa yake shiga, Sony E, Canon RF, Nikon Z, Fujifilm X, basa shiga na juna kai tsaye. Kaga kenan ranar da ka sayi kyamara gida ka shiga gaba ɗaya, saboda haka tun kafin ka biya ka duba lens biyu ko uku da kake ganin zaka so nan gaba, ka duba nauyinsu da kuɗinsu a wannan gidan. Sony E da Fujifilm X da Micro Four Thirds suna da tarin lens na wasu kamfanoni kamar Sigma da Tamron da Viltrox, masu sauƙi kuma masu kyau. Canon ta daɗe da rufe ƙofa sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara yi wa ƙananan kyamarorinta na RF lens.

Lambobi biyu ne a jikin kowane lens. Ta farko mai mm tana gaya maka faɗin abinda zai ɗauka, ƙaramar lamba faɗi, babba jawo nesa. A kan APS-C sai ka ninka da 1.5 (Canon 1.6), a Micro Four Thirds ka ninka da 2, shi ne zaka samu kwatankwacinsa a babbar sensa. Ta biyu mai f tana gaya maka yanda idon lens yake buɗewa, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar buɗewa. Lens ɗin da ake haɗowa da kyamara a kwali, 16-50mm na Sony ko Nikon, 18-45mm na Canon, 15-45mm na Fujifilm, 14-42mm na Olympus, in kayi zum zuwa ƙarshe yana tsukewa zuwa f/5.6 ko f/6.3. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Ninki goma fa. Wannan shi ne bambancin hoton titi da dare mai tsafta da wanda ya dagule, kuma shi yasa mutum zai sayi kyamara mai tsada ya ɗauki hoto a cikin ɗaki da lens ɗin kwali yace ai wayata tafi, alhali ba laifin kyamarar bane.

Duk da haka ka karɓi lens ɗin kwalin, a haɗe yafi sauƙi sosai, ƙarami ne, da rana yana aiki lafiya lau. Sai ka ƙara masa ɗaya tal maras zum mai buɗewa, 23mm ko 35mm a APS-C, 17mm ko 20mm ko 25mm a Micro Four Thirds. Sigma 30mm f/1.4, Fujifilm 23mm f/2, Nikon 24mm f/1.7, Panasonic 20mm f/1.7, duk irinsu ne. Akwai kuskuren da ake yawan yi, mutum yaji ana yabon 50mm f/1.8 ya saya ya ɗora a APS-C sai ya koma kamar 75 ko 80mm, yana cikin ƙaramin lungu ko cikin mota yana ta ja da baya bango ya tare shi. Na hoton fuska ne wannan, ba na yawon gari ba. In kuma kai mutum ne da baka son canje-canje sam, ɗauki guda ɗaya irin 18-135mm ka manta, ko Sigma 18-50mm f/2.8 wanda bai kai giram 300 ba kuma baya tsukewa in kayi zum, ni dai da za'a ce in zaɓi lens ɗaya na tafiya shi zan ɗauka.

Sai jikin kyamarar. Waɗanda suka dace da mai farawa sun haɗa da Sony a6400 ta 2019, Canon R50 ta 2023 da R10, Nikon Z50 da sabuwarta Z50II ta 2024, Fujifilm X-T30 II da X-S20 da X-T50, Olympus E-M10 Mark IV, da OM-5 ta OM System, wanda shi ne sabon sunan sashen kyamarar Olympus tun bayan da aka sayar dashi. Yawancinsu nauyinsu da batir tsakanin giram 370 ne zuwa ɗari biyar da 'yan kai, kuma wallahi babu wadda zata hanaka ɗaukar hoto mai kyau a cikinsu. Abubuwa kaɗan ne suke raba su. Na ɗaya ramin leƙe na ido. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 da Fujifilm X-M5 basu dashi dan an yi su ne saboda masu bidiyo, kuma in ka tsaya a fili da tsakar rana sikirin ɗin baya baka komai sai ƙyalli, zaka riƙa ɗauka da ka. In hoto ne babban burinka kada ka yarda da wadda ba ramin leƙe. Na biyu na'urar hana rawar hannu ta cikin jiki, X-S20 da X-T50 da Sony a6700 da su Olympus suna da ita, a6400 da R50 da Z50 babu, sai dai lens ɗin ya kasance yana da tasa. Tana taimakawa sosai a cikin gine-gine masu duhu inda ba'a bari a kafa maɗorin kyamara mai ƙafa uku, da bidiyo kana tafiya, amma bata tsayar da mutum mai motsi, rawar hannunka kawai take gyarawa. Na uku kariya daga ruwa da ƙura, in wuraren damina ko sahara zaka nufa, OM-5 ta yi fice a nan, sai dai ka sani in lens ɗin ba mai kariya bane to ta nan ruwan zai shiga.

Akwai kuma masu lens a manne kamar Fujifilm X100VI da Ricoh GR III, suna da daɗin yawo ƙwarai, amma ba zum ba canji, inaga sun fi dacewa da wanda ya riga ya san me yake so.

Bayan ka rage zuwa biyu ko uku, dole ka riƙe su a hannu. Kada ka tsallake wannan. Ka saka lens ɗin, ka riƙe da hannu ɗaya minti biyar, ka ji ko ɗan ƙaramin yatsanka yana samun wurin zama ko yana reto a ƙasa, ka kai ta ido, in kana sa tabarau ka duba ko kana ganin kusurwoyi huɗu, ka shiga menu ka nemi inda ake canza ISO, wato lambar da take ƙara wa hoto haske a duhu, ba tare da kowa ya nuna maka ba. Sannan ka gwada zura ta cikin jakar da kake yawo da ita kullum. In bata shiga ba, ka tuna labarina.

In ta hannu zaka saya, kuma shawara ce mai kyau dan kuɗin da ka rage zai tafi lens, ga yanda nake dubawa. Nakan je da katin memori nawa. In cire lens in karkata kyamarar wajen haske in kalli sensa, ƙura ba komai bace ana gogewa, amma ƙarzuwa ko tabo kamar na mai sai in ajiye. In mayar da lens, in sa f/16, in ɗauki farar takarda ko sararin sama, in buɗe hoton in girmama shi, duk wani ɗigo baƙi zai bayyana. Lens ɗin kuma in haska fitilar waya ta bayansa in leƙa ta gaba, in naga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi, fumfuna ce ta kama shi, ba na saya ko nawa aka rage. In juya zoben zum a hankali in ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa, in danna kowane maɓalli, in buɗe murfin batir in duba ko akwai tsatsa ko kore-kore alamar ruwa ya taɓa shiga. Sai adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, akwai shafuka a intanet da zaka ɗora hoto ɗaya su karanto maka a yawancin kyamarori, 'yan dubbai ko dubu goma sha wani abu ba abin damuwa bane. In sabuwa ce kuma ka tambayi garanti a wace ƙasa yake aiki, dan sau da yawa na yanki ɗaya ne kawai.

Kada ka zuba duk kuɗin a kyamara da lens, ka bar wani abu na tarkace. Batir na biyu wajibi ne. Ka tabbatar tana caji ta USB, in da hali USB-C, dan ka iya cika ta da fawa bank a cikin mota ko jirgin ƙasa, igiyar caji ɗaya ta isheka ita da wayarka. Katin memori biyu na 64GB sun fi ɗaya na 128, in ɗaya ya lalace ko ya ɓata ba duka ka rasa ba, ka nemi mai alamar V30, wato mai saurin ajiya, musamman in zaka yi bidiyon 4K, kuma ka saya a amintaccen wuri dan jabu sun yi yawa. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba, na megafiksel 24 yana cin kamar 25 zuwa 30MB, kaga 64GB zai ɗauki wajen dubu biyu. Sai ɗan famfon roba na hura ƙura da ƙyallen goge gilashi. Maɗaurin wuyan da yake zuwa a kwali da sunan kamfani ɓaro-ɓaro, ni nakan canza shi da baƙi maras rubutu, baya jawo ido.

A jirgin sama batiran da ba a cikin kyamara suke ba ba'a sa su a jakar da ake aunawa ta tafi ƙasan jirgi, a jakar hannu ake riƙe su, ka rufe bakinsu da murfi ko salatif. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfin batir ya zama ƙasa da 100Wh, batirin kyamara kuwa bai wuce 7 zuwa 17 ba dan haka ba matsala. Kamfanonin jirgi da yawa kilo 7 suke bari a jakar hannu, wani dalilin kenan na gudun kaya masu nauyi. Kyamarar ma kada ka taɓa sa ta a jakar ƙasa.

Sannan dan Allah kada ka saya ana gobe tafiya. Ba ta wata ɗaya a hannunka. Juya zoben zaɓin yanayin ɗauka zuwa A, a Canon Av, inda kai kake zaɓar f ita kuma ta daidaita sauran, ka bar ISO a kan oto amma ka sa masa iyaka kamar 6400. Mutum ɗaya zaka ɗauka, buɗe f/1.8 ko f/2. Fili ne ko gini, f/8. Ka riƙa kallon lambar saurin ɗauka a ƙasa, masu tafiya a ƙafa suna son 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri, in ta faɗi ƙasa da 1/60 jingina da bango ka riƙe numfashi. Kunna fokos mai bin ido. Ka ɗauka RAW da JPEG tare, JPEG na turawa yanzu, RAW na ranar da ka koyi gyara, zaka gode wa kanka. Ka fita da ita da yamma da dare da cikin ɗaki har yatsunka su san maɓallan ba sai ka duba ba.

A hanya abubuwa biyu suke cin sababbi. Na farko raɓa. Ka kwana a ɗaki mai sanyin na'ura ka fito cikin iska mai zafi da laima, nan take gilashin zai yi fari fat kamar madubin banɗaki, in ka goge ya dawo, wani lokacin har ciki, kuma irin wannan laimar ce take haifar da fumfuna. Kafin ka fito zura kyamarar a leda mai zif ka rufe, ka barta a waje minti ashirin ko talatin ta ɗauki zafin wurin sannan ka buɗe, ka riƙa ajiye 'yan ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi a cikin jakar. Na biyu ƙura wajen canza lens, kashe kyamarar, juya bayanka ga iska, ka kifa bakinta ƙasa, ka riga ka cire murfin sabon lens ɗin kafin ka kwance tsohon, a bakin teku ko cikin rairayi ma kada ka canza sam.

Mutane kuma ba kayan kallo bane, ka gaisa, ka nuna kyamarar ka nemi izini, in an ƙi ka sauke, yara kuwa sai da yardar iyayensu. Barikin soja da shingen jami'an tsaro da wasu gine-ginen gwamnati da cikin filayen jirgi, ƙasashe da yawa sun hana ɗauka kuma ana iya ƙwace kayanka, ka tambaya tun kafin ka ɗaga. Kowane dare in ka koma masauki ka kwafe hotunan ranar zuwa waya ko ƙaramin diski amma kada ka goge na katin, in kati ya cika ka cire shi ka sa a aljihun da fasfo ɗinka yake, ba a jakar kyamara ba, sannan ka jona batir biyun a caji kafin ka kwanta.